Haƙorin Abarshi Mai Keta Akoko

Kakana Abarshi bai iya awo ba, bai iya lissafi ba, amma wallahi a keta yadi babu na biyunsa. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya aka kafa kantuna a Sabon Gari, sai ya riƙa takowa daga Samaru kullum safiya, ya tsaya bakin wani kanti. Akawun kantin, Elias, mutumin kudu, shi ke auna yadin akoko daga bandir. Kakana kuwa ya kama bakin yadin da haƙorin gaba ya ɗan tsaga, ya ware hannu, keee! Aikin kenan.

Kada ka raina. Mutanen ƙauye ba su yarda da almakashi ba, sun ce yana karkacewa ya ci musu yadi, amma abin da aka keta zare yake bi, ba ya cuta. Shi kuma kakana yana son aikinsa kamar me. Ga hira, ga goro, ga mata na tsokanarsa wai angon akoko.

To, tsufa ya zo, haƙorin ya fara girgiɗi. Ya ɓoye abin, ya daina cin rake, ya koma dariya baki rufe. Tsoronsa ɗaya: ranar da haƙorin ya tafi, zamansa a bakin kanti ya ƙare.

Ranar kuwa ta zo. Wata mata daga Zabi, ana ce mata Doguwa, ta sayi akoko. Kakana ya kai baki ya ciza, sai ga haƙori a ƙasa, yadi ko gezau. Kunya ta rufe shi.

Elias ya jawo almakashi, ya ce, "Baba, zauna ka huta."

"Kai, akawu, ajiye abin nan!" in ji Doguwa. "Nawa haƙoran na ado ne?"

Ta fizge yadin ta ciza, ta tofar da zare, ta miƙa wa kakana. "Baba, ja."

Ya ja. Keee! Ya tafi sak har ƙarshe. Mutane suka kwashe da dariya, shi ma ya buɗe giɓinsa ya yi ta yi, hawaye na zuba.

Tun daga ranar mai saye ke cizo, Abarshi ke ja. Har ya bar duniya, duk wanda ya zo da haƙori a bakinsa bai bar shi ya zauna babu aiki ba.