Kunnuwan Malam Haladu

Kullum bayan sallar asuba, Malam Haladu yakan zauna a ɗan ɗakinsa na unguwar Anbariyya a Madina, ya karkaɗe tsohon kaset, ya toshe kunnuwa da iyafis, ya shiga juye waƙa cikin kwamfuta. Da rana direban wani kantin magani ne. Wannan aikin kuwa ba wanda ya sa shi.

Waƙoƙin biki ne na tsofaffin matan Hausawan Madina, irin su marigayiya Tasallah. Shi ya bi gida-gida ya roƙo kaset ɗin, ya buɗe musu shago a intanet, kowa ya biya ya sauke a wayarsa. Da farko ya yi kasuwa, har daga garin Yanbu da ma Kano ake saye. Sai aka koma mutum ɗaya ya saya, ya yanka, ya watsa wa kowa kyauta. Ciniki ya mutu murus, amma bai rufe ba.

An sha ce masa, "Haba Malam, ka yanke surutun nan na farkon kaset mana!" Ya ƙi. Ya ce a nan mawaƙiya ke kiran sunayen 'yan biki, kuma yawancinsu yanzu suna kwance a maƙabartar Baƙi'a. Fatna, jikar Tasallah, wadda sai a yi mata Hausa ta amsa da Larabci, ta shaida mini cewa a cikin surutun nan ta ji kakarta tana tsokanar mahaifiyar ita Fatna ranar aurenta.

Kai ne mai gadin muryoyin waɗanda ƙasa ta rufe, Malam. Wallahi abin yana ci mini rai. Iyafis ya cinye maka kunnuwa har ba ka ji sosai, iƙamarka ta zama a Saudiyya ta ƙare, an buga maka hatimin fita ba dawowa. Kana tafiya shagon zai rufe, mai gidan da kake haya kuma ya ce zai zubar da kwalayen kaset. Jama'a, cikinmu a rasa mai karɓar wannan aiki?

Ranar da muka je yi masa sallama, Fatna ta kunna wata waƙa. Muryar Tasallah ta fito tana kiran sunansa. Duk muka juya muka dube shi. Ya matso da kunne, ya ce, "Kun kunna ne?"

Mun kunna, Malam. Cewa ta yi, "Ina Haladu direba? Allah ya kai ka gida lafiya." Amin. Mun gode.