Na Biya wa Fanko Haraji

Yanzu in na shiga kasuwar Wuse sai yaran shaguna su riƙa jan hannun rigata suna tambayar me zan saya, kamar wani baƙo. Ni kuwa na zo garin nan daga Zariya tun ana gardama a kan ko da gaske gwamnati za ta taso daga Legas. Na kama shago a layin 'yan takalma ina sayar wa leburori da direbobin tifa silifas da takalmin roba. Ɗaki kuwa a Orozo na samu, can wajen Karshi, na ajiye matata da yara, don hayar cikin gari ba ta irinmu ba ce. Shagon nan shi ne gonata, shi ne gadona, ban da shi ba ni da ko tsinke a Abuja.

Da gwamnatin ta taso sai kasuwa ta canza fuska. Manyan motoci suka yi ta shigowa da kabad-kabad da tebura, ma'aikata suka cika gari da kwat da laktaye, kowa na neman takalmi sau-ciki mai sheƙi da zai shiga sabon ofis da shi. Mutanen nan sun saba da kantunan Legas. In suka leƙa shagonka suka ga bango a fili, sai su taɓe baki su wuce. Don haka duk layinmu muka koma wata dabara. In mutum ya sayi takalmi sai mu sa masa a leda, mu riƙe kwalin. Daga gwiwa zuwa inda hannu ke kaiwa, kaya ne na gaske. Daga nan har silin kuwa fanko ne, kwalaye a jere ba komai a ciki. Ban taɓa sayar wa kowa fanko ba, kuma har gobe ba na ganin zamba ce. Kamar mutum ne ya sa babbar rigarsa zai je taro alhali bai karya ba.

Haraji kuwa, mu a tunaninmu kullum muna biya. Ga kuɗin tikiti, ga kuɗin shara, ga na masu gadi, ga na shago a ƙarshen shekara. Duk shekarun da muka yi cikin taɓo muna jiran gari ya zama gari, babu wanda ya taɓa zuwa ya ce mana akwai wani haraji daban a kan abin da mutum yake samu. Sai da ofisoshi suka samu kujeru da fanka sannan aka tuna da mu.

Ranar da masu karɓar haraji suka shigo layinmu, da shagona suka fara, don shi ne a bakin hanya. Wata mata ce ke gaba, 'yar wajen Filato, da gilashi a ido da fayil a hannu, maza biyu na bin ta a baya. Ba ta da raini, gaskiya, har gaishe ni ta yi.

"Oga, yaushe ka fara kasuwa a nan?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Madam, tun kafin ku zo. Tun nan wajen duk ciyawa ce."

Na faɗa ne da alfahari, ita kuwa ta rubuta. Ashe shekarun da za a bi ni nake lissafa mata da bakina. Sai ta ɗaga kai ta fara ƙirga kwalaye da bakin biro, layi-layi, har sama. Nan na sha jinin jikina.

Na matso na rage murya. "Madam, na saman nan babu komai a ciki."

Ta dube ni ta saman gilashi. "Kowa haka yake faɗi, oga." Ta miƙa hannu ta zaro kwali, ta buɗe, ga takalmi. Ta zaro wani, ga takalmi. To ina za ta samu fanko a inda hannu ke kaiwa?

Na juya zan ɗauko tsani in sauko mata da na sama ta gani da idonta. Sai na ji an riƙe mini hannu. Shugaban layinmu ne, wani Alhaji ɗan Kano mai shago uku, wanda duk rigimar da ta taso a layi shi ke raba ta. Ya ja ni gefe. A lokacin bakin shagon ya cika da 'yan kallo, yawancinsu ma'aikatan nan masu sayen kayanmu.

Ya ce, "Haba Malam, ka dubi mutanen da ke tsaye. In ka zazzage kwalayen nan a gabansu, ba kanka kaɗai ka tona wa asiri ba, duk layin nan ka kashe. Gobe a kowane ofis za a ce 'yan takalman Wuse iska suke jerawa."

Na ce, "Alhaji, to in suka yanka mini abin da ya fi ƙarfina fa?"

"Ba muna nan ba? Don layi ka yi shiru, layi zai ɗauke maka. Ni na faɗa maka."

Na mayar da tsanin inda yake. Mutum ne da ya girme ni, ya riga ni ganin duniya, kuma ya yi maganar ne da sunan jama'a. Madam ta gama ƙirgenta ta wuce shago na gaba.

Da takarda ta iso, sai da na nemi wuri na zauna. Sun ɗauka duk kwalayen nan kaya ne, sun ƙiyasta ribar da mai irin wannan kaya zai samu a shekara, suka ninka ta da shekarun da na yi alfahari da su, suka ɗora tara a kai don na makara. Ko shagon da abin da ke cikinsa na ɗaga na sayar a ranar, da ƙyar zai kai. Na kai wa Alhaji takardar. Ya juya ta, ya yi salati, ya ce in je in roƙi a raba mini, su kuma za su riƙa haɗo wani abu duk wata.

Na je ofishin harajin, wani sabon gini da har lokacin warin fenti yake. Madam ɗin ta saurare ni, ta ce akwai hanya. Za a raba mini kashi-kashi in riƙa biya duk ƙarshen wata, amma in na tsallake akwai ƙarin kuɗin ruwa, in na sake kuma za a rufe shago. Ta tura mini takarda na sa hannu. Na fito har da yi musu godiya, ni wawa, kamar wanda aka yi wa kyauta.

Wanda bai taɓa biyan kashi-kashi ba yana ganin sauƙi ne. A wajen ɗan takalmi, ƙarshen wata shi ne kakarsa, lokacin ne ma'aikata ke karɓar albashi su fito sayayya. A daidai wannan lokacin ni kuma zan ja ƙofa in hau tasi mai kore da fari in tafi banki, in shiga layi ɗaya da masu karɓar albashin da ya kamata a ce suna shagona. In na biya sai in wuce ofishin haraji a buga wa rasit hatimi. Wani lokaci mai hatimin ya tafi cin abinci, wani lokaci ya tafi taro, wani lokaci hatimin ne ke kulle a durowa mai makullin bai zo ba. Kafin in dawo Wuse la'asar ta yi, maƙwabta sun kwashe ciniki, suna yi mini sannu da zuwa.

Watan farko layi ya haɗo mini wani abu. Alhaji da kansa ya kawo a gaban mutane, yana ta jawabi a kan zumunci. Da na buɗe, kuɗin bai fi na motar zuwa banki da dawowa ba. Wata na biyu aka ce wasu ba su kawo ba tukuna. Wata na uku da na yi masa maganar sai ya shafa wa idonsa toka ya ce, "Malam, kasuwar nan fa kowa kuka yake yi. Ka yi ta addu'a."

Wanda kawai nake jin sanyi da shi shi ne maƙwabcina na dama, wani Bakatsine mai barkwanci. Kwano ɗaya muke ci da rana tun zamanin silifas. Shi ke duba mini shago in na tafi salla, shi ke tsokanata yana cewa na zama ma'aikacin gwamnati mai biyan albashi maimakon karɓa. Ina dariya, amma cikina ba ya dariya.

Sana'ar takalmi ba ta mutuwa rana ɗaya, lamba-lamba take mutuwa. Kuɗin da zan je Kano in cike lambobin da suka ƙare su nake kai wa banki. Mutum zai shigo ya ga takalmin da yake so, ya ce a ba shi lambarsa, in yi ta ɗaga kwalaye ina sane babu, in ce masa ya dawo jibi. Ba ya dawowa, shago na gaba yake shiga. Matata ta sayar da keken ɗinkinta ba tare da ta yi shawara da ni ba, ta ajiye mini kuɗin a kan tabarma ta fita tsakar gida don kada mu haɗa ido. Na ji kunyar ranar nan fiye da yadda na taɓa jin kunya a rayuwata, kuma na ɗauki kuɗin.

Damina ta biyu ƙaramin ɗanmu ya kwanta asibiti, na tsallake wata. Suka ɗora kuɗin ruwan da suka ce. Ni da ban taɓa cin riba a bashi ba, ga ni ina biyan ta a kan takalman da ba a taɓa ɗinkawa ba. Wata na gaba ma ban iya cikawa ba. Na iso kasuwa da safe na tarar da sarƙa da ƙaton kwaɗo a ƙofata, da jar takarda manne a kai. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya karanta, har waɗanda ba su iya karatu ba.

A ranar Alhaji ya kira ni shagonsa, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi. Ya ce abin ya dame shi ƙwarai, bai yi barci ba saboda ni. Ya ce yana da ƙane da ke neman wuri, in na yarda zai karɓi shagon ya ba ni abin da zan rufe bakin hukuma gaba ɗaya, har in samu ɗan abin juyawa. Na ajiye lemon ban sha ba na fita. Na yi mako ina yawo wajen 'yan uwa da abokan arziki, kowa na ba ni haƙuri. Haya ta taso a Orozo, ga magani. Na koma na sami Alhaji, ya rage wani abu a kan farashin farko, ya ce ai yanzu shagon ya yi baƙin jini.

Da kuɗinsa na biya ragowar duka a banki, na kai rasit ofishin. Madam ɗin tana nan a teburinta, ta gane ni.

"Oga, ka gama ke nan. Ka yi ƙoƙari, wallahi. Mutane da yawa suna gudu." Tana jera takardu tana magana. "Amma ni abin da ban gane ba, me ya sa kai ba ka kawo ƙara ba tun farko? Kafin mutum ya sa hannu yana da dama ya ce bai yarda ba, mu koma mu duba kaya."

Na ce, "Wa ya taɓa yin haka?"

"Shugaban layinku mana. Satin da muka zo ɗin nan ya biyo mu har nan, ya kai mu da sassafe kafin a buɗe kasuwa. Ya hau tsani da kansa. Duk na sama babu komai, muka rage masa sosai." Ta buga hatimi ta miƙo mini takardar. "Na gaba!"

Ban san yadda na isa Wuse ba. Na tarar da 'yan layinmu a bakin shagon Alhaji sun idar da azahar, ana ta hira. Ban yi sallama ba. Na tsaya a tsakiyar layi na faɗi duk abin da na ji, da ƙarfi, yadda har 'yan atamfa na bayanmu sai da suka leƙo. Na ce ku ji abin da shugabanku ya yi, ya riƙe mini hannu da rana ya je ya hau tsani da asuba. Ina jira layi ya yamutse, ina jira wani ya tashi ya ce a'a, wannan cin amana ne.

Ba wanda ya motsa. Alhaji ya ci gaba da jan carbinsa. Wani ya duƙa yana gyaran igiyar takalmi, wani ya tuna yana da mai saye a shago. Sai Bakatsinen nan ya taso ya kama kafaɗata ya ja ni gefe, ba ya iya kallon fuskata.

Ya ce, "Yi haƙuri, ɗan uwa, ka rage murya. Da muka ga abin da aka yanka maka, ai duk 'yan layin nan Alhaji ya tattara mu ya kai mu ofishin. Suka zo, ɗaya bayan ɗaya muka buɗe musu kwalayen."

Na ce, "Har da kai?"

"Har da ni. Kai lokacin ka riga ka sa hannu, sai aka ce faɗa maka ba shi da amfani, ɓacin rai kawai zai ƙara maka."

Na dube shi. Shekara biyu muna tsoma hannu a kwano ɗaya da wannan maganar a cikinsa. Ya laluba aljihu ya zaro kuɗin mota zai ba ni. Na bar shi da hannu a miƙe, na bi ta gaban shagona, ƙanen Alhaji na kan tsani yana goge kanta, na fita ta ƙofar kasuwa na nemi motar Orozo.