Saitin Gwaggo Yana Nan Yadda Ka Bar Shi, Vendelin

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi, matarka Blazena ta kira ni a waya. Ko gaisawa ba mu yi ba ta ce, "Oldrich, abokinka ya tafi." Na ce ya tafi ina kuma? Wallahi na ɗauka ka sake sulalewa kasuwar tsofaffin kaya ta garin Olomouc ba ka gaya mata ba, kamar yadda ka saba. Shirun da ta yi ne ya fahimtar da ni. A kan kujerar shagonka ta same ka, tsumman mai a cinyarka, rediyo yana ta surutunsa. Allah da ya ba mu aron ka ya karɓi abinsa. Vendelin Matula, aminina, ka tafi ka bar ni.

A filin harbin ƙungiyarmu ta gasar bindiga, bayan tsohon gidan yankan katako, muka fara haɗuwa, lokacin babu furfura ko ɗaya a kanmu. Tun a wannan zamani ba ka da zance sai na tsofaffin ƙananan bindigogin nan masu lamba ashirin da biyu, waɗanda in sun tashi sukan tofar da kwanso su ɗura wa kansu wani harsashin. Mutane suna yar da su wai sun fiye cijewa, kai kuwa kana bi ƙauye-ƙauye kana tsintowa, wata ba ƙota, wata tsatsa ta cinye. Duk wanda ya ce maka bindigarsa ta mutu, amsarka ɗaya ce: "Ba ta mutu ba, ƙazantarka ce ta ishe ta." Ka kai ta shago, ka warware ta a kan tsohon bargon Blazena, abin da ya ɓata ka ƙera shi da hannunka. Ba a yi wata guda ba sai a ji ta tana magana ras a fili.

Ba ka da sauƙin baki, wannan kowa ya shaida. Wani hunturu tawa ta cije a tsakiyar gasa saboda na cika ta da mai har ya daskare. Ka zare ta daga hannuna, ka shinshina, ka ce a gaban kowa, "Kai Oldrich, bindiga ce wannan ko soyayyen dankali?" Na yi fushi, na yi kwanaki ba na yi maka magana. Kai ko a jikinka. Wanda kuma ya kuskura ya ja kunama babu harsashi a ciki, a gabanka, to ya shirya shan dogon wa'azi kan yadda allurar bindiga ke lotsa bakin ɗakin harsashi, har shayinsa ya huce.

Amma ni na san abin da ke bayan wannan bakin. Shekarar da matata Hedvika ta rasu na rufe kaina a gida, ba na son ganin kowa. Ba ka zo da kalmomin ban haƙuri ba, don ba ka iya su ba. Kowace Asabar sai ka tsaya da tsohuwar motarka a ƙofata ka danna oda, ba ka ɗagawa har sai maƙwabta sun fara leƙowa ta taga, dole in fito. Ka kai ni shago, ka tura min kwanon ƙarafuna da buroshi ka ce, "Goge. Kuma kada ka ɓatar min da sifirin." Da azahar Blazena ta shigo mana da miyar kabeji da burodi. Haka ka fitar da ni daga wannan rami, da buroshi da masifa. Ban taɓa gode maka da baki ba, kai ma da na yi da ka kore ni.

Cikin bindigoginka duka babu kamar Gwaggo, ƙirar garin Brno ɗin nan mai jar ƙota, wadda ta girme wa 'yarka nesa ba kusa ba. Ka sa mata wannan suna ne saboda tsirfarta, harsashi iri ɗaya kawai take ci, in aka ba ta wani ta tofar. Idonka na dama ya mutu tun kana saurayi, da ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa masa, don haka kake ɗora ta a kafaɗar dama ka kwantar da kai can bisa ƙota ka duba da na hagu. Saboda haka ka gusar da saitinta, ɗan ƙarfen da ake auna harbi da shi, daga layin da maƙera suka yi mata, kuma duk lokacin da idon ya ƙara rauni sai ka ƙara gusar da shi kaɗan. A hannunka ba ta kuskure. A hannun kowa kuwa gefe take jifa. Sau ɗaya ka taɓa ba ni ita, da daɗewa, na harbi ƙasa, ka yi dariya har da riƙe ciki.

Ka san al'adarmu, kai ma ka tsaya wa mutane da yawa a kanta. In ɗan ƙungiya ya rasu, bindigarsa ba ta sake tashi sai ranar faifai. A zana masa faifan katako, a kafa a mita hamsin, babban amininsa ya buɗe da bindigar mamacin, sauran su biyo da nasu. Harbi ɗaya ne ga kowa, ba a maimaitawa. Kowane rami a soka masa ɗan tsinke da sunan mai shi, a rataye faifan a zauren ƙungiya har abada. Wanda ya kuskure faifan, babu sunansa. 'Yarka Zdislava ce ta zana naka da hannunta: tagar shagonka da bishiyar tuffar da ke gabanta.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi naka. Radim, shugabanmu na yanzu, ya buɗe akwati ya miƙo min Gwaggo, da 'yar guduma a ɗaya hannun. Ya ja ni gefe.

"Kawu, bari in mayar da saitin kan layi. Bugu ɗaya ne."

Na ce, "Ajiye gudumar nan."

"Haba Kawu! Ba ka san iya inda ya gusar da shi ba, ba kuma damar gwaji. In ka kuskure fa? A ce faifan Baba Vendelin babu sunanka?"

"To in ka buga, wa zai mayar da shi yadda yake? Kai?"

Ya sauke gudumar. Yaron kirki ne, gaskiya kuma ya faɗa, har ga Allah ina son sunana a faifan nan fiye da duk kofunan da na taɓa ci. Amma na dubi ɗan ƙarfen nan, ga tabon gudumarka na ƙarshe a gefensa yana ƙyalli, ko baƙi bai yi ba. Rigunanka za a rabar, shagon za a share. Wannan kaɗai ya rage a duniya da ke nuna yadda idonka yake gani. Zuciyata ta ƙi.

Na tsaya a layi. Na ɗora ta a kafaɗa, na rufe idon dama, na kwantar da kai bisa ƙota kamar yadda na ga kana yi shekara da shekaru. Wuyana ya amsa nan take. Faifan ya zama dishi-dishi, yana rawa. Ashe haka kake fama duk tsawon zamanin nan, kana cinye mu a gasa, ba ka taɓa cewa da wuya ba? Hawaye ya ƙara rufe min abin da ya saura. Na ja kunama. Gwaggo ta amsa da 'yar muryarta, ta tofar da kwanso, ƙura ta tashi a jikin tudun da ke baya, gefen faifan.

 Radim ya duba da madubin hangen nesa ya daɗe, sannan ya sauke shi a hankali. Na kuskure, Vendelin. Duk wanda ya shiga zaure zai karanta sunayen mutanen da ka yi wa faɗa, da waɗanda ka gyara wa bindiga, ba zai ga nawa ba. Abin yana ci na, ba zan ɓoye maka ba.

Ina cire gidan harsashi sai na ji an riƙe min hannun riga. Blazena ce, ta baro kujerarta. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, ta girgiza kai.

Ta ce, "Daga baya nake zaune. Da ka kwantar da kai, na zaci shi ne." Ta share ido da gefen gyale. "Don Allah Oldrich, ba sai ka harba ba. Ka sake tsayawa haka, in ƙara gani."

Na tabbatar babu harsashi a ciki, na ɗaga ta, na kwantar da kai. Na tsaya har sai da hannuwana suka gaji, ita kuma ba ta ce ya isa ba.

Allah ya jiƙanka, Vendelin. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya dubi alherin da ka yi a ɓoye ya lulluɓe ka da rahamarsa, ya haskaka makwancinka, ya ba ka hutun da ba ka taɓa yarda ka yi ba a duniya. Blazena, Allah ya ba ki haƙuri da ƙarfin zama a gidan da ya yi shiru. Zdislava da 'ya'yanki, Allah ya dafa muku, ya sa ku gaji zuciyarsa. 'Yan ƙungiyarmu da duk mutanen gari, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya. Mu da muka saura, Allah ya sa mu cika da kyau, ya haɗa mu da shi a inda babu sauran rabuwa. Amin.