Zubairu Tela da Ƙafar Kawu

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki bakin kasuwar Bodinga ya san Zubairu Tela. Dogo ne siriri, kullum cikin farar shadda, kuma Allah ya yi shi da ƙyanƙyami tun yana yaro. Ba ya cin tuwo kwano ɗaya da kowa. Butarsa daban take, ba mai taɓa ta. Idan mutum ya yi tari kusa da shi a sahu, sai ka ga ya tsuke hanci har a idar da salla. Shi a wurinsa wannan duk addini ne, domin ya ji malamai suna yawan maganar tsarki, sai ya ɗauka ya riga mutane nisa.

Wanda ya rene shi kawunsa ne, Abdulƙadir, wan mahaifiyarsa, manomi a Kajiji. Bayan tsufa ya kama shi, ciwon suga ya buɗe masa gyambo a ƙafar hagu. 'Ya'yansa maza sun tafi ci-rani kudu, matarsa ta riga mu gidan gaskiya, sai maƙwabta suka aiko wa Zubairu cewa ya zo ya ɗauki tsohonsa.

Tun daga ƙofar ɗaki ɗoyin ya tare shi. Ƙudaje sun yi baƙi a kan tsumman da aka naɗe ƙafar da shi, mugunya ta jiƙa tabarma. Zubairu ya yi sallama yana riƙe numfashi, ya gaishe da Kawu daga nesa, ya fita bayan rumbu ya amayar da kokon da ya sha da safe. Duk da haka kunyar idon mutane ta hana shi komawa shi kaɗai. Ya samo mota, aka kwantar da tsohon a baya, shi kuwa ya zauna gaba ya leƙa kansa waje har Bodinga.

A asibiti wata ma'aikaciya mai suna Nafisa ta wanke gyambon, ta nuna masa yadda zai riƙa yi kullum da ruwan gishiri da auduga, ta ba shi safar hannu. Da suka isa gida ya shimfiɗa wa Kawu katifa a ɗakin da ke kusa da zaure. Kowace hantsi sai ya fito da shi zauren, ya buɗe ƙofa wai don iska, ya durƙusa yana wanke ƙafar. Zuciyarsa tana tashi, yawu yana taruwa a bakinsa, amma yana yi.

Kawu kuma ba mai sauƙin jinya ba ne. Ga taba gari a baki, ga kaki yana tofarwa inda ya ga dama. Idan audugar ta taɓa inda ke masa zafi sai ya kai wa Zubairu duka a ƙeya, ya ce hannunsa kamar na mai sassabe. Bai taɓa cewa an gode ba.

Masu wucewa suka fara tsayawa a ƙofar zauren suna kallo. Labari ya bazu cewa Zubairu mai ƙyanƙyami shi ne yau yake wanke gyambo da hannunsa. Wata rana bayan la'asar, a wurin karatu, limamin unguwa ya kawo maganar haƙƙin iyaye da dangi, ya ambaci sunansa, ya ce ga abin koyi nan a cikinmu. Zubairu ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi, alhali wani daɗi ne yake ratsa shi har tafin ƙafa.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa Ramlatu a bayan ɗaki, kusa da makwarara, ta ɗaure hanci da gefen zane. Bai ma lura da abin da take yi ba, ya shiga ba ta labarin abin da liman ya faɗa, kalma bayan kalma, har da ƙari. Ta ce masha Allah, ta ci gaba da aikinta. Sai a lokacin idonsa ya sauka a kan bahon da ke gabanta. Tsummokaran ƙafar Kawu ne, da wandonsa da ya ɓata, ruwan ya yi kauri ya koma rawaya. A gefe ga fo ɗin da tsohon yake zagawa a ciki, ta riga ta zubar ta ɗauraye. Fatar yatsunta duk ta saɓule saboda sabulu.

Ya tambaye ta tun yaushe take wannan. Ta dube shi ba tare da fushi ba, ta ce, "Tun randa kaz zo da shi, Malam. Wa kaka zaton shina yi?"

Zubairu ya juya. Ya shiga ɗaki ya zauna bakin gado. Ya tuna yadda yake buɗe ƙofar zauren har ƙarshe, da yadda yake jinkirta naɗe bandeji idan ya ji takun mutane. Ya tuna ranar da aka yi ruwa ba wanda ya wuce, ya gama aikin cikin gaggawa, bai ko goge tsakanin yatsun ba. Tashin zuciyar da ya saba ji a gaban gyambon ya taso masa, amma wannan karon ba wari a ɗakin. Kansa yake ƙyama. Ya ga cewa shekara da shekaru yana tsaftace riga da buta, abin da ke cikin ƙirjinsa kuwa yana ruɓewa bai taɓa leƙawa ba. Da magariba ta yi ya tsaya a sahun baya, ya kasa ɗaga kai. A sujada ya rasa addu'o'in da ya haddace, sai istigfari kawai yake maimaitawa.

Washegari bai fito da Kawu zaure ba. A cikin ɗaki ya wanke ƙafar, cikin zafi da ɗoyin da ba inda zai fita. Ya ɗauki fo ɗin da kansa ya kai bayan gida, ya yi amai a can, ya kurkure baki ya dawo ya ɗauki bahon. Ramlatu ta so ta karɓa, ya ce ta bari, ya kuma roƙe ta gafara. Ta ce ba komai, amma ta tsaya ta nuna masa yadda ake zuba ruwan zafi tukuna kafin sabulu.

Kawu ya lura da canjin, bai kuma ji daɗinsa ba, domin a zaman zauren ne kaɗai yake ganin mutane. Ya yi ta mita cewa an kulle shi kamar akuya. Sai Zubairu ya riƙa fito da shi da marece, bayan an naɗe ƙafar an sa masa riga mai tsabta, shi kuma ya koma shago.

Ƙyanƙyamin bai bar shi ba ko sau ɗaya. Ya taɓa faɗa wa Ramlatu cewa da farko yana roƙon Allah ya cire masa shi, daga baya ya daina, ya koma roƙon a karɓi aikin a haka. Son yabon ma bai mutu ba. Idan wani ya tare shi a hanya ya fara sa masa albarka, yakan ji abin yana motsi a cikinsa, sai ya yi sauri ya ce matarsa ce ta yi mafi yawa, ya wuce.

Da gyambon ya ci ƙashi aka kai Kawu Sakkwato aka yanke ƙafar. Ya ƙara wasu watanni, yana faɗa yana tofar da kaki kamar yadda ya saba, sannan ya rasu a farkon damina. Zubairu ne ya yi masa wanka tare da liman. 'Ya'yan sun iso bayan an yi sadakar uku, suka kwana biyu, suka koma bakin nemansu.