Kawu Sule da Ƙarfen Ceto Bututu

Duk wanda ya san Kawu Sule, ƙanen mahaifiyata, ya san ba ya riƙe abin da ba a ɗaura wa igiya ba. Tabarau da igiya, biro da igiya, har wayarsa a ɗaure take da aljihun riga. Ya yi ƙuruciyarsa yana aikin injiniya a rijiyoyin mai na Kudu, inda ya ce ya taɓa ganin sifana guda ta suɓuce cikin rami ta tsayar da aiki cak. Ya dawo gidansa na Badarawa da furfura, amma tsoron faɗuwar abu bai sake shi ba.

Da ya yi ritaya sai ya duƙufa kan abu ɗaya. Wai idan bututun haƙa ya maƙale can ƙarƙashin ƙasa, akwai ƙarfen da ake haɗawa a jikinsa, ya yi ta bugunsa har ya kuɓuta. Waɗanda ake shigowa da su daga waje, in ji shi, zafin ƙasa na cinye musu roba, sai su mutu. Nasa ba roba, sifirin ne da ƙugiya kawai.

Samfurin farko da taɓaryar matarsa, Inna Hajara, ya yi shi. Ya kai wa kafinta a Kawo aka fere ta.

"Malam, ina taɓaryata?"

"Tana aikin ƙasa, Hajara."

"To, yau aikin ƙasa za ka ci da miya."

Ya ci biredi ranar.

Da aka ƙera na ƙarfe, ya tara mu 'yan uwa a tsakar gida, ya ce a rijiyar gidan za a gwada. Muka zura a hankali yana ba da umarni kamar muna kan teku. Muka ja, shiru. Ƙarfen ceton abin da ya maƙale, shi ma ya maƙale! Sai da aka kira mai yasar rijiya ya shiga ya ciro shi. Na ce, "Kawu, ko dai a sake zanen?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ƙarfe lafiyarsa lau. Rijiyar ce ba ta yi boko ba."

Lokacin da aka fara zancen haƙar mai a Arewa, Kawu ya sa aka goge masa babbar riga aka rataye. Ya ce dole a neme shi. Ko an yi sallama a ƙofa sai ya gyara hula. Ba wanda ya zo. Daga baya ido ya fara ba shi matsala, zane ya gagara. Wata rana na tarar da shi a gareji yana shafa ƙarfen da hannu. Ya ce, "Habibu, ba na son a biya ni. Sau ɗaya kawai ya sauka rami na gaske, in ji ko ya buga."

Bai ji ba har ya rasu. Ƙarfen na nan a garejin, kuma a cikinmu babu wanda ya san ina ne samansa, ina ne ƙasansa. Mun iya ba da labarin taɓarya, amma ba mu san ko Kawu ya yi gaskiya ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Sule, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba Inna Hajara haƙurin rashinsa. Amin.