Mutumin da Ya Juya wa Ƙwallo Baya

Yau shekarata saba'in da tara a duniya, abin da zan faɗa kuwa shekara uku ke nan da aukuwarsa, a zauren gidana, nan Zongon Lome.

Kafin manyan motoci su karɓe aikin, da ƙafa ake koro shanu daga arewa zuwa bakin teku, ni ne kuwa mai zaɓen mutanen da za su koro su. Fatake sukan tara mini majiya ƙarfi ashirin a fili, in ɗauki shida, ba a kuma taɓa jin garken da na danƙa wa mutanena ya watse a hanya ba. Daga unguwar Amutibe har ta Hanukope, duk mahaucin da ya manyanta ya san haka. Yanzu 'ya'yana maza ke riƙe da sana'ar, da waya da direbobi. Suna gaishe ni da ladabi safe da yamma, amma na fi shekara goma ba wanda ya ce mini, "Baba, duba mana wannan mutumin." Ban taɓa faɗa wa kowa abin yana cina ba.

A shekarar nan babbar 'yata ta zo ganin gida daga Amurka, inda take aikin jinya. Sunan mahaifiyata gare ta, saboda haka Uwata nake kiranta. Wata Asabar bayan azahar na same ta a zaure ta tasa kwamfuta gaba, ga takardu cike da sunaye, tana ta soke wasu da biro. Ladanin masallacinmu, abokina tun muna tsohon Zongo, yana gefe yana shan shayi.

Na ce, "Uwata, asibitin ne ya biyo ki har Lome?"

Ta yi dariya ta ce wasa ne. A can akwai wasan da suke kira besbol: wani ya jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani ya make ta da kulki, abokan hamayya su yi ƙoƙarin cafe ta kafin ta taɓa ƙasa. Ita da abokan aikinta goma sha ɗaya, ko wace shekara kafin a fara kakar wasa, sukan zauna su zaɓi 'yan wasa na gaske ɗaya bayan ɗaya, kowa ya haɗa ƙungiyarsa a bisa takarda. Abin da ɗan wasa ya yi a filin gaske, wanda ya zaɓe shi ake rubuta wa. Wanda wani ya riga ya ɗauka kuwa ya fita hannun kowa. Yau ne zaɓen, da la'asar ɗinmu, hantsinsu.

Ladan ya ajiye kofi ya ce, "Ba dai caca ba?"

"Ko sisi babu, Malam. Wani kofin roba ne, sai kuma gorin da za a sha shekara guda."

Abin da ya dame ta shi ne masu tsaron bayan fili. Mutum uku ne ke tsayawa can nesa, kusa da katanga, suna jiran ƙwallon da ta yi nisa. Biyu ta riga ta san waɗanda take so, na uku ne ta rasa. Sai ta ɗaga kai ta dube ni, ta ce, "Baba, ai kai ne mai idon mutane. Zo ka duba mini."

Na yi kamar ban ɗauki maganar da nauyi ba, amma sai da na aika cikin gida aka kawo mini tabarau.

Ta nuna mini mutum uku a kwamfutar, in zaɓa mata ɗaya a cikinsu. Na farko ƙato ne, kafaɗunsa kamar ƙofar kanti, yana make ƙwallo ta tsallake katanga. Na biyu siriri ne mai gudu. Na uku ba abin da zai ja ido a jikinsa, gajere ne, yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar ciyawa kamar wanda aka manta da shi. Na ce ta nemo mini hoton da ya nuna shi tun kafin a buga, domin a nan ake sanin mutum. Wanda ke gefen garke yini yake yi ba ya komai, amfaninsa duka a ƙiftawar ido ɗaya yake, sa'ad da bijimi ya yi niyyar ɓallewa bai kai ga ɗaga ƙafa ba.

Ta samo. Na ga mutumin nan ya ɗan karkata ga ƙafar hagu tun kulki bai gama saukowa ba. Aka buga. Ƙwallon ta yi sama, ta yi sama, har ta zama ɗigo, har na daina ganinta. Shi kuwa sai ya juya mata baya gaba ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya nufi katanga a guje, bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Ya yi tafiya mai nisa haka nan. Can ya miƙa hannu gabansa, ƙwallon da ta fito daga bayansa ta bi ta kan kafaɗarsa ta faɗa cikin safar fatar da ke hannunsa, kamar sun yi alkawarin haɗuwa a wurin.

Na ce, "Subhanallahi." Na sa ta maimaita sau biyar. Na ga masu sanin inda sa zai bi, amma sa yana da ido da kunne da ake karantawa. Wannan bawan Allah da jin ƙarar katako kawai ya san inda abin da ke sararin sama zai sauko. Na ce, "Shi ne. Kada ki duba wani."

Ta juya biro a hannunta. Sannan ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ban yi maka bayani duka ba. A wasanmu ba a lissafa cafewa. Bugu ake dubawa, da gudu. Shi kuwa bugunsa tsaka-tsaki ne."

Ladan ya ƙyalƙyale da dariya har shayi ya sarƙe shi. "Alhaji, an aike ka neman mahauci, ka dawo da makiyayi! Idon nan ya tsufa, a bar shi ya huta."

Na ji kunya ta rufe ni, gaban 'yata. Na cire tabarau, har na fara neman takalmina. Amma zuciyata ta ƙi yarda, domin na san abin da na gani. Na koma na zauna.

"Uwata, wa ke cewa wane zai shiga fili yau, wane zai zauna?"

"Mai horar da su."

"Wanda aka zaunar, yana samun bugu?"

"A'a."

"To, ki saurare ni. Na yi mutum irin wannan, wani ɗan Sakode mai ƙarancin magana. Ba ya iya ɗaukar kaya, ba ya iya girki, amma ban taɓa tashin garke ba tare da shi ba, ko yana mura. Mai horarwar nan, in dai yana da hankali, ba zai iya barin wannan a benci ba. Ƙaton nan naki, ranar da hannunsa ya yi sanyi za a zaunar da shi. Wannan kuwa kullum yana fili, wanda ke fili kullum kuwa bugunsa taruwa yake yi."

Ta danna ta duba, ta daɗe tana karatu. Ta ce lalle bara kusan ba wasan da bai shiga ba, ƙaton kuwa rabin lokaci a zaune yake. Ta ja layi ƙarƙashin sunan gajeren.

Muka yi la'asar muka dawo, aka fara. Sunaye na ta ɓacewa daga allo ɗaya bayan ɗaya, agogo na ƙirga wa kowa daƙiƙoƙinsa. Ta ɗauki biyunta na farko, ta ɗauki masu jifa, ta ce na uku sai can gaba, ba wanda zai kula da shi. Ni da na saba ciniki da fatake ban taɓa jin gabana na faɗuwa kamar yadda ya riƙa faɗuwa a kan kujerar nan ba. Rana ta yi sanyi, ladan ya fara duban agogonsa saboda magariba. Saura mutum uku a zo kanta, saura biyu, saura ɗaya.

Wadda ke gabanta ita ce shugabar sashensu, wata dattijuwa da 'yata ta ce shekara huɗu a jere ba a raba ta da kofin ba, ba ta kuma zaɓen banza. Agogonta ya yi ta tafiya har ya kusa ƙarewa. Sai sunan mutumina ya ɓace daga allo.

'Yata ta dafe kai ta yi ƙara, "Wayyo, ta ɗauke shi! Baba, ta ɗauke mana shi!" Uwarta ta fito da ludayi a hannu tana tambayar wa ya mutu. Dole ta ɗauki ƙaton, tana ta mita da Faransanci da Turanci.

Mace a ƙetaren teku, wadda ba ta taɓa ganin garke a hanyar Atakpame ba, ba ta san ina duniya ba, ta dubi ɗaruruwan mutane, idonta ya sauka daidai inda nawa ya sauka. Na yi ta jinjina wannan al'amari a raina, har yau ban gama ba.

Ladan ya miƙe, ya gyara hularsa, ya dube ni ya ce, "Alhaji, na janye maganata."

Wanda ke shakkar wannan labari ya tambayi ladanin, yana nan da ransa, da uwargidana, da kuma maƙwabcinmu tela, wanda ƙarar 'yata ta fito da shi daga shagonsa da almakashi a hannu.