Fitos da Farantan Yumɓu

"...to ai kumatunsa ne, Kostakis, ba naka ba! Cire ganyen nan ka zauna!"

Haka na ɗaga murya a farfajiyar coci ranar bikin waliyyin ƙauyenmu, wuri cike da mutane, masu gasa nama suna ta fifita wuta. Kostakis maƙwabcinmu ne. Ya lashi ganyen lemon tsami ya manna a kumatu, ya ɗauki sandar tsintsiya ya saita sama kamar bindiga, maza suna dariya har da riƙe ciki. Ƙanena Fitos yake kwaikwaya. Shi kuwa Fitos yana zaune kusa da ni, kai a ƙasa, yana ta marmasa burodi. Maganar tawa ma ƙara jawo mana ido ta yi. Da ƙasa za ta tsage a ranar, da mu biyun mun shige.

Sunansa na gaskiya Neofitos. Ni ce Marulla, yayarsa, ni na goya shi, don uwarmu kullum tana gonar dankali, ni ma da na lallaɓa na gama firamare can na bi ta. Shi gyaran injin ban ruwa ya koya. Ba mai surutu ba ne. Abu ɗaya aka san shi da shi a duk ƙauyukan jar ƙasar nan tamu ta tsibirin Kubrus: farautar makwarwa. Babanmu ne ya koya masa, kuma dokar Baba ɗaya ce. Da ka harba, ɗaga kai ka ga inda tsuntsuwa ta faɗi, don a cikin duwatsu da ƙaya, in ka rasa wurin, kare ma sai ya sha wuya. Fitos bai taɓa barin makwarwa a daji ba.

Sai aka buɗe filin harbin faranti a ƙauyen da ke gaba da mu. Inji ne a cikin rami, ka yi kira, ya cillo farantin yumɓu sama, ba ka san ina zai nufa ba, ka harba. Mazan shagon kofi suka cika baki a gaban mutanen can, wai su kawo gwaninsu, mu muna da Fitos. Motoci suka ɗebi rabin ƙauye. Har ni na je da cukun halumi da kankana a kwando.

Cikin faranti ashirin da biyar, huɗu ya fasa.

Sauran suka yi ta tafiyarsu lafiya lau suna sauka cikin ciyawa. A hanyar dawowa kowa a motar ya juya fuska yana kallon taga. Kafin sati ya zagayo an raɗa masa suna, Mai Gadin Faranti. A wajen biki, in aka zo al'adarmu ta fasa faranti a ƙafar masu rawa, sai wani ya ce a ba Fitos ya riƙe na amarya, a hannunsa ba abin da zai same su. Ya daina zuwa shagon kofi. Lokacin farauta ya zo ya wuce, karensa yana kuka a ɗaure. In zan je sayen burodi sai in zagaya ta bayan makaranta don kada in bi ta gaban mazan nan.

Ashe ran Asabar ba aiki yake tafiya ba. Wani filin harbi yake zuwa can wajen garin Larnaka, inda ba wanda ya san shi. Mai koyarwa a wurin mace ce, Kirya Andrulla, wato Malama Andrulla, wadda ta yi harbin gasa tana budurwa. Shi ya ba ni labari daga baya, yana kallon bango. Ya ce harbi uku kawai ta kalla ta tambaye shi ko maharbi ne. Ya ji daɗi, ya ce e. Ta ce ta gani, ai tun harsashi bai bar bindiga ba kansa ya riga ya tashi yana neman inda tsuntsu zai faɗi, shi ya sa yake harbin iska. A gaban samari 'yan jami'a ta faɗa. Ta tsinko ganyen lemon tsami ta sa masa tsakanin kumatu da gindin bindiga, ta ce in ganyen ya faɗi, ya ɗaga kai ke nan.

Abin da Baba ya dasa tun yana ɗan shekara goma, shi ake so ya tuge yana da furfura a gemu. Kullum da yamma yana rumfar ajiye buhuna, bindiga ba harsashi, ganye a kumatu, yana bin layin rufi da bakin bindiga daga kusurwa zuwa kusurwa. Ganye ya faɗi, ya sunkuya ya ɗauka. Ta wata kafa a kwanon rumfar Kostakis ya leƙa ya gan shi, shi ne ya kawo mana abin har farfajiyar coci.

Da muka dawo gida ranar na ce masa ya bari hakanan. Mutum da 'ya'yansa, a riƙa yi masa wasan tsintsiya?

Ya ce, "Yaya, ba farantin ne yake kayar da ni yanzu ba. In na tsaya, muryar Kostakis nake ji a kunne. In na bari yau, da ita za a binne ni."

Na tashi na soya masa ƙwai.

Wannan muryar ita ce ta fi ɗaukar lokaci. Kirya Andrulla ta hana shi ƙirga abin da ya kuskure. In ya harba, ya buɗe bindiga, ya kalli takalminsa, ya ja numfashi, wanda ya wuce ya wuce. Ya ce mini kamar tonon dankali ne, in kana kallon ƙarshen gona bayanka zai karye, gindin da ke gabanka kawai za ka sani. Wannan kam na gane.

Da bazara aka sa ranar zaɓen waɗanda za su wakilci yankinmu a gasar tsibiri duka. Ya ce kada in zo. Na hau bas na je, na ɓuya bayan masu sayar da kofi. Ina juyawa sai ga Kostakis da mutum uku, ban san wa ya tsegunta musu ba. Ya ce mini sun zo taya ƙanena gadi.

Faranti na biyu ya kuskure. Na uku ma. Daga inda nake na ga ƙeyarsa ta yi ja, na ji Kostakis ya yi tari irin na gangan. Na rufe fuska da gyalena, ina jin irin abin da na ji a motar nan. Da na leƙa, Fitos yana kallon takalminsa. Ya daɗe. Sannan ya ɗaga bindiga, ya manna kumatu, ya yi kira. Farantin ya zama ƙura. Na bayansa ma. Ya yi ta tafiya haka, har na daina jin tarin kowa.

Amma a ƙarshe suka yi kunnen doki da wani ɗan Larnaka a gurbi na shida, wanda shi ne na ƙarshe. Aka ce manya za su zauna su duba harbin da kowa ya yi a shekarar, za a kira. Fitos ya kashe wayarsa, ya ce shi ba zai iya jin a'a da kunnensa ba, lambata ya ba su.

Ran Lahadi da rana ina fere dankali, shi yana tsakar gida yana wanke hannu da fetur, sai wayar ta yi ƙara. Na ɗauka da jiƙaƙƙen hannu.

"Kirya Marulla ce? Andrulla ke magana. Ƙanenki yana kusa?"

Na ce yana nan, amma ba zai karɓa ba, ta faɗa mini ko me ne.

"To ki tambaye shi awon rigarsa. Ran Laraba ake ɗinka na 'yan ƙungiya, kuma shi ne na shida."